DANDALIN ƊALIBAI: Ranar Godiyar Kaka a Amurka, Kirista Ya Shiga Ko Ya Ja Jikinsa?

  Yau Amurka za mu leƙa, mu duba wata muhawara da kan taso tsakanin Kiristocin ƙasar duk lokacin da watan Nuwamba ya kama. Gwamnati ta ware rana guda ta ce kowa ya huta, ya yi godiya saboda albarkar shekara. To, ya dace Kirista ya shiga wannan biki, ko kuwa ya ja jikinsa?

Kada wanda ba Kirista ba a cikinku ya ce babu ruwansa ya juya shafi. Abin da ke ƙarƙashin muhawarar ya shafi kowa. Yaya mai addini zai yi da bikin da ba littafinsa ne ya kafa ba, hukuma ce ko al'ada? Kuma yaya zai zauna da ɗan'uwansa wanda ya ɗauki wata hanya dabam?

Wace rana ce wannan?

Amurkawa suna ce mata Thanksgiving, wato Ranar Godiya. Tana faɗowa ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Ana rufe makarantu da ofisoshin gwamnati da bankuna. Mutane su yi ta tafiye-tafiye zuwa gidajen iyayensu kamar yadda tashoshin motarmu kan cika idan Sallah ko Kirsimeti ta gabato. A gasa ƙaton talotalo, a dafa dankalin Turawa da masara, a yi wani gashi mai zaƙi da kabewa, a zauna a ci tare. Wasu su je coci, wasu su yi addu'a a gida kafin a sa hannu a abinci, wasu kuwa talabijin kawai suke kunnawa su kalli ƙwallo.

Ba Amurka kaɗai ke da irin wannan hutu ba. Kanada tana yin nata ranar Litinin ta biyu ta watan Oktoba, Laberiya kuma ranar Alhamis ta farko ta Nuwamba. Amma na Amurka ya fi suna, shi ne kuma aka fi ce-ce-ku-ce a kansa.

Waiwaye adon tafiya

A shekarar 1620 wani jirgin ruwa mai suna Mayflower ya taso daga Ingila da fasinja 102. Daga cikinsu akwai Kiristocin da suka ɓalle daga Cocin Ingila, don suna ganin an cakuɗa ibada da abubuwan da Littafi Mai Tsarki bai umarta ba. Sun taɓa yin gudun hijira zuwa ƙasar Holan kafin su yanke shawarar haye teku. Suka sauka a gaɓar da yanzu take cikin jihar Massachusetts, suka kafa garin Plymouth. Sun iso cikin tsananin hunturu, babu gidaje, babu isasshen abinci. Kafin sanyi ya wuce, kusan rabinsu sun mutu.

Waɗanda suka cece su 'yan asalin ƙasar ne, mutanen Wampanoag. Wani mutum mai suna Tisquantum ya koya musu yadda ake shuka masara a wannan ƙasa, da yadda ake binne kifi a ramin shuka ya zama taki. Ta yaya ya iya Turanci? Wani Bature mai jirgin ruwa ne ya sace shi a 1614 ya kai shi Turai don sayarwa. Da ya samu ya dawo gida, sai ya tarar annoba ta shafe mutanen garinsu. A kan kufan garin nasu ne baƙin suka gina Plymouth. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Da kakar 1621 ta yi kyau, baƙin suka shirya shagali na kwana uku. Sarkin Wampanoag, Massasoit, ya zo da mutanensa kimanin 90, suka kawo barewa biyar. Wannan zama shi ne yau ake koya wa yaran Amurka a matsayin Ranar Godiya ta farko.

Sai dai ga abin mamaki: su waɗanda suka yi shagalin ba su kira shi ranar godiya ba. A wurinsu ranar godiya ta ibada ce, a wuni a majami'a ana addu'a, kuma ba ta da tsayayyen lokaci a kalanda. Sai wani abu na musamman ya faru ake kiranta. Misali a 1623 an yi fari, shuka ta fara bushewa, suka keɓe rana suka roƙi ruwa. Da ruwan ya sauka sai suka keɓe wata ranar don godiya. Mutanen nan ko Kirsimeti ba sa yi, don suna cewa ba a umarce ta ba. Maƙwabtansu na yankin Boston ma a 1659 doka suka kafa ta cin tarar sule biyar ga duk wanda aka kama yana bikin Kirsimeti. Ke nan mutanen da ake jingina wa wannan biki na shekara-shekara su ne sahun gaba wajen zargin duk wani idi mai dawowa kowace shekara.

Yadda ta zama hutun ƙasa

Shugaban Amurka na farko, George Washington, ya yi shelar ranar 26 ga Nuwamba, 1789 a matsayin ranar godiya ta ƙasa. Shugaba na uku, Thomas Jefferson, ya ƙi yin irin wannan shela. Dalilinsa shi ne tsarin mulkin ƙasar bai ba gwamnatin tarayya ikon tsara wa mutane ibada ba. Aka yi shekaru kowace jiha tana yin tata ranar yadda ta ga dama.

Wata editar mujalla, Sarah Josepha Hale, ita ce ta dage. Ta yi shekaru tana rubuta wa gwamnoni da shugabanni wasiƙu tana neman a tsayar da rana guda ga ƙasa baki ɗaya. A watan Oktoba na 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya amsa kiran, ya sa Alhamis ta ƙarshe ta Nuwamba. A cikin shelar tasa ya nemi a gode wa Allah, ya kuma nemi a tuna da matan da yaƙi ya kashe wa mazaje da marayu da masu makoki.

Sai kuma kasuwa ta shigo. A 1939 watan Nuwamba ya zo da Alhamis biyar, ta ƙarshen ta faɗo 30 ga wata. 'Yan kasuwa suka koka cewa kwanakin cinikin Kirsimeti sun yi kaɗan. Shugaba Franklin Roosevelt ya matso da hutun baya da mako guda. Wasu jihohi suka bi shi, wasu suka ƙi. A 1941 majalisar dokoki ta raba gardama, ta tsayar da Alhamis ta huɗu. Kun ga ke nan ranar da ake wannan biki a yau ba wahayi ne ya sa ta ba. 'Yan majalisa ne suka kaɗa ƙuri'a.

Hujjojin masu cewa a'a

Na farko suna cewa babu inda Sabon Alkawari ya umarci Kirista da bikin kaka. A ganinsu ibada sai da umarni, abin da ba a umarta ba a bar shi. Suna kawo wasiƙar Manzo Bulus ga Galatiyawa, sura ta 4, inda ya nuna damuwa ganin masu bi sun koma kiyaye ranaku da watanni da lokatai. Suna ƙarawa da cewa godiya aikin kullum ce, wanda ya ɗaure ta a rana guda ya rage mata daraja.

Na biyu suna duba asalin bukukuwan girbi. Tsoffin Romawa da Girkawa suna da allolin hatsi da suke yi wa biki. Ko ƙahon nan mai cike da 'ya'yan itace da ake zanawa a katunan Ranar Godiya, daga tatsuniyoyin Girkawa ya fito. Shaidun Jehobah, alal misali, ba sa yin wannan biki, kamar yadda ba sa yin sauran bukukuwan ƙasa.

Na uku hukuma ce matsalarsu. Suna tambaya: yaushe shugaban ƙasa ya zama limami? Idan yau gwamnati ta ce a gode wa Allah aka bi, gobe idan ta ce a gode masa saboda wani abin da bai dace ba fa? Ba tambayar banza ba ce. A 1637, bayan Turawan yankin sun kashe ɗaruruwan mutanen Pequot a yaƙi, har da mata da yara, majami'u sun keɓe ranar godiya saboda wannan nasara.

Wannan ya kai mu ga na huɗu, wanda a ganina ya fi nauyi. Zaman lafiyar 1621 bai ɗore ba. Baƙi suka yi ta ƙaruwa, filayen 'yan ƙasa suka yi ta raguwa. A 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawa da ɗan Massasoit, mai suna Metacom. A 1676 aka kashe shi, aka kafe kansa a kan sanda a garin Plymouth, garin da mahaifinsa ya zo cin abinci. Tun daga 1970 wasu 'yan asalin Amurka suke taruwa a Plymouth a wannan rana ta Alhamis, su kuma suna kiranta Ranar Makoki. Wasu Kiristoci na cewa: ta yaya zan yi shagali a ranar da maƙwabcina yake kuka?

Akwai kuma ƙorafin da kowa ke yi, mai addini da marar addini: an mai da ranar ta cika ciki. Gari na wayewa kuma sai a ruga kantuna don rangwamen da suke yi wa laƙabi da Baƙar Juma'a, har akan yi turereniya a bakin ƙofa. Jiya an ce an gode da abin da aka samu, yau ana kokawa a kan abin da ba a samu ba.

Hujjojin masu cewa a yi

Su kuma waɗannan, kuma su ne mafi yawa, suna cewa godiyar girbi ba baƙuwa ba ce a Littafi Mai Tsarki. A Fitowa sura ta 23 da Littafin Firistoci sura ta 23 an umarci Isra'ilawa da bukukuwa masu alaƙa da gona: Idin Makonni lokacin girbin alkama, da Idin Bukkoki na kwana bakwai bayan an gama tattara amfani. Sun yarda waɗannan idodi ba su zama dole ga Kirista ba. Amma suna cewa abin da Allah ya taɓa umarta ba zai zama ƙazanta a kan kansa ba. Idan masu bautar gumaka sun yi bikin girbi, ai sun yi noma ma, kuma babu wanda ya ce a daina noma.

Game da batun umarni, suna nuna cewa Yahudawa suna da bukukuwan da ba Dokar Musa ce ta kafa ba. Akwai Furim, wanda Littafin Esta ya ba da labarin kafuwarsa. Akwai kuma idin tunawa da sake keɓe Haikali, wanda Bisharar Yahaya sura ta 10 ta nuna Yesu yana cikin Haikali a lokacinsa. Ke nan al'umma tana iya ware rana don tuna alherin Allah ba tare da ta ƙirƙiri sabon addini ba.

Babbar madogararsu ita ce wasiƙar Bulus ga Romawa, sura ta 14. A can ya yi maganar masu bi iri biyu: mai ɗaukaka wata rana, da mai ganin duk ranaku ɗaya ne. Bai ce ɗaya ya ɓace ba. Ya bar kowa da abin da zuciyarsa ta tabbatar masa, ya hana su yanke wa juna hukunci. A Kolosiyawa sura ta 2 ma ya gargaɗi masu bi kada su bari a hukunta su a kan abinci ko idi. A fahimtarsu, abin da ya dami Bulus game da Galatiyawa shi ne mai da kiyaye ranaku sharaɗin samun ceto, ba ware rana don godiya ba.

Batun hukuma kuwa, suna cewa hutu gwamnati ta bayar, ba ta tilasta wa kowa yin addu'a ba. Babu ɗan sandan da zai ƙwanƙwasa ƙofarka ya tambayi ko ka gasa talotalo.

To, ina gaskiyar take?

Hukuncin addini na malamai ne. Namu a wannan fili shi ne auna hujja, kuma ga abin da na gani bayan na auna.

Ranar ba farilla ba ce, ba kuma haramtacciya ba ce. Rana ce da majalisa ta ware, kamar randa ce da aka miƙa maka babu komai a ciki. Abin da ka zuba shi za ka sha. Kiristan da ya ce ba zai yi ba saboda lamirinsa bai kwanta ba, bai yi laifi ba, kuma rashin adalci ne a kira shi marar godiya. Wanda ya ce zai yi, shi ma yana da madogara. Amma sai ya amsa tambayoyi uku.

Ta farko: wa kake gode wa? Godiya ba ta tsayawa a iska. Idan Kirista ya zauna a teburin nan ya yi ta yabon ƙasarsa da ƙoƙarin kansa, to bikin kishin ƙasa ya yi, ba godiya ba. Yesu ya ba da misalin wani mai arziki a Luka sura ta 12. Gonarsa ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, ya kwanta ya ci ya sha. A daren aka karɓi ransa. Laifinsa ba yawan hatsi ba ne. Ya ga rumbu ya manta da Mai bayarwa.

Ta biyu: wa kake tunawa? Godiyar da aka gina a kan ɓoye gaskiya ba ta da ƙwari. Mai son yin bikin nan da zuciya ɗaya sai ya faɗa wa 'ya'yansa labarin gaba ɗaya, da barewa biyar na Massasoit da kuma kan Metacom a kan sanda. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ba ta hana godiya. Ƙara mata nauyi take yi. Lincoln kansa ai bai raba godiya da tuna masu makoki ba.

Ta uku: wa ya ci tare da kai? A nan akwai wani abu da ya burge ni. A tsakiyar surar nan ta 23 ta Littafin Firistoci, ana cikin lissafa idodi, sai ga umarni cewa mai gona kada ya girbe har gefen gonarsa, kada kuma ya koma yin kala, ya bar wa matalauci da baƙo. Maimaitawar Shari'a sura ta 16 kuma ta sa bawa da baƙo da maraya da matar da mijinta ya rasu cikin masu murnar idi. Wato tun asali bikin girbi ba na mai rumbu kaɗai ba ne. Shi ya sa nake ganin waɗanda suka fi kowa fahimtar wannan rana a Amurka su ne majami'u da ƙungiyoyin da ke dafa abinci su raba wa marasa gida da marasa galihu. Kowa ya ci shi kaɗai, in ji Bahaushe, shi kaɗai zai mutu.

Wanda ya amsa waɗannan uku da kyau, ya shiga bikin da kwanciyar rai. Wanda ya kasa, ko ya wuni a coci, talotalo kawai ya ci.

Mu fa a nan gida?

Mu ba mu da hutun girbi na ƙasa. Amma ƙannena Kiristoci sun san godiyar kaka da ake yi a majami'u wajen ƙarshen shekara, inda ake kawo doya da masara da dawa da kaji da awaki, wani lokaci a yi gwanjonsu don aikin ikilisiya. Irin wannan al'ada ta yi ƙarfi a Ingila tun 1843, lokacin da wani limamin Angilikan, Robert Hawker, ya gayyaci mutanen ƙauyensa su zo coci godiyar girbi. Bambancin shi ne wannan coci ce ta kira, ba gwamnati ba, don haka gardamar hukuma ba ta taso ba. Inda makamanciyar muhawarar ta fi zafi a Nijeriya shi ne bikin cin sabuwar doya a ƙasar Ibo. Wasu Kiristoci na shiga suna cewa al'ada ce, wasu na ƙaurace wa ɓangaren da ya shafi miƙa wa kakanni ko gumaka. Tambayar farko ce dai ta dawo: wa ake gode wa?

Darasin da nake so ku tafi da shi bai tsaya a kan talotalo ba. A makarantunku kuna zaune da waɗanda ke yin bikin da ba ku yi, da waɗanda ba sa yin wanda kuke yi, wani lokaci ma addininku ɗaya. Kafin ka ce wa abokinka ya ɓata, tambaye shi dalilinsa, matambayi ba ya ɓata. Kafin ke ma ki bi ayari don kin gani a Facebook ko TikTok, binciki inda abin ya samo asali. Kuma idan kun gama muhawara kowa ya tsaya a kan nasa, ku tashi ku tafi cin abinci tare. Ba a taru an zama ɗaya ba, amma ana iya zama lafiya.

Aikin gida na wannan mako: ku tambayi wani dattijo a gidanku ko unguwarku yadda ake nuna godiya idan an kai amfanin gona gida a zamanin ƙuruciyarsa, da kuma rabon da ake fitar wa marasa gona. Ku rubuta abin da ya faɗa a shafi guda, ku karanta wa 'yan ajinku. Za ku sha mamakin abin da za ku ji.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. A yi karatu da kyau, Allah ya ba da sa'a.